SHARHI: Tsofaffin Zane-zanen Ciyayi Sun Zama Haja A Turai, Ina Rabon Tafasa Da Tumfafiya?

A shagunan sayar da kayan adon gida na biranen Turai da Amurka, da kuma kasuwannin intanet irin su Etsy, akwai wata haja da ta daɗe tana tafiya ba tare da hayaniya ba. Hajar kuwa ita ce tsofaffin zane-zanen tsirrai, waɗanda aka ciro daga littattafan kimiyya na ƙarni na 18 da na 19, aka sake bugawa a takarda mai kauri, aka sa a firam domin rataye wa a bangon falo ko ɗakin cin abinci. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin tsirran da ake sayen hotunan nasu ciyayi ne na bakin hanya da juji, irin waɗanda manomin Bature ke cirewa daga gonarsa ya yar. Mai saye yakan ɗauki guda huɗu ko shida a jere, kowanne da saiwarsa da ganyensa da furensa da ƙwayarsa, da sunansa na Latin a rubuce a ƙasa.

Ɗan kasuwar da ya ga wannan ciniki yana iya ɗauka cewa an samu wata ƙofa ta kuɗi mai sauƙi. Lallai akwai abin samu a ciki, amma ya kamata a san inda ribar take kafin a zuba jari, domin tarihin sana'ar kansa ya fara ne da hasara.

A shekarun 1770 wani mai haɗa magunguna a Ingila, William Curtis, ya ɗauki niyyar zana duk wani tsiro da ke fitowa da kansa a cikin tazarar mil goma daga birnin Landan. Ya ɗauki hayar masu zane, aka riƙa fitar da aikin kashi-kashi da sunan Flora Londinensis, ana zana kowace ciyawa daidai girmanta, ana kuma shafa launi da hannu takarda bayan takarda. Aka ɗebi shekara ashirin da ɗoriya ana wannan aiki, har aka kai zane 432. Masana sun yaba matuƙa. Masu kuɗi kuwa sun ƙi saye, domin babu attajirin da ya ga dalilin biyan kuɗi mai yawa kan hoton hakin da ke bayan gidansa. Da Curtis ya ga jarinsa na neman ƙarewa, sai a 1787 ya buɗe wata ƙaramar mujalla mai suna Botanical Magazine, wadda ke ɗauke da zane uku na furannin ƙasashen waje masu ɗaukar ido, a kan sule ɗaya. Nan da nan ta kai ana sayar da kwafi wajen 3,000 a kowace fitowa. Ita ce ta ciyar da shi, kuma har yau lambun Kew da ke Landan yana buga ta.

Ke nan ciyayin gida sun jawo wa Curtis yabo, furannin baƙi suka kawo masa abinci. Sai bayan da jikokin waɗancan attajirai suka tare a birane, suka rabu da gona da jeji, sannan hoton ciyawar bakin hanya ya zama abin marmari. Wannan batu ne da duk mai son shiga sana'ar a Nijeriya ya kamata ya riƙe, kuma za a komo kansa a gaba.

Ƙasar Denmak ta bi wata hanya dabam. A can gidan sarauta ne ya ɗauki nauyin zana tsirran ƙasar baki ɗaya, aikin da aka fara bugawa a 1761 da sunan Flora Danica, ba a kammala ba sai a 1883, da zane 3,240. A 1790 aka ba da umarnin a kwafi waɗannan zane-zane a kan kwanukan tangaran, wai domin kyauta ga Sarauniya Katarina ta Rasha. Ta rasu a 1796 ba a gama ba, sai kayan suka zauna a fadar Denmak. Kamfanin Royal Copenhagen yana ci gaba da yin irin wannan tangaran da hannu, kuma yana cikin mafi tsada a duniya. Jarin da aka zuba domin ilimi ya zama tushen masana'antar da ta wuce shekara 200 tana ciyar da ma'aikata.

A saman kasuwar akwai zanen asali, wanda cinikinsa na manyan masu kuɗi ne. A 1985, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a birnin New York, wani dillali Ba'amurke, Graham Arader, ya sayi tarin zanen furanni 468 da Bafaranshen nan Redouté ya yi wa Josephine, matar Napoleon, a kan Dala miliyan 5.5, aka kuma rarraba su tsakanin masu hannun jari. Ƙasa da wannan akwai dillalan da ke sayen tsohon littafi su farke shi su sayar da shafukan ɗaya-ɗaya, saboda jimillar kuɗin shafukan ta fi kuɗin littafin a ɗinke. Masu ɗakunan karatu suna ƙyamar wannan ɗabi'a, kuma da gaskiyarsu. Amma waɗannan matakai biyu ba su shafi ɗan kasuwar Kano ko Legas ba. Wanda ya shafe shi shi ne na ƙasa, watau sake bugawa.

Abin da ya buɗe wannan mataki ga kowa abu biyu ne. Na farko, haƙƙin mallakar waɗannan littattafai ya daɗe da ƙarewa. A ƙasashe da yawa, har da Nijeriya a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin mai zane yana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwarsa. Wata kotu a New York ta yanke hukunci a 1999 cewa ɗaukar hoton tsohon zane daidai yadda yake ba ya haifar da sabon haƙƙi, Tarayyar Turai kuma ta sa makamancin wannan a dokarta ta 2019. Na biyu, manyan ɗakunan karatu na kimiyya sun haɗa kai sun kafa rumbun intanet mai suna Biodiversity Heritage Library, inda aka zuba shafuka sama da miliyan 60, kuma kowa na iya saukewa kyauta. Daga nan ne akasarin masu sayarwa ke ɗebo zanen littafin Thomé na tsirran Jamus na 1885, da na Köhler na tsirran magani da aka fara bugawa a 1887.

To, a nan ne ilimin tattalin arziki yake da abin cewa. Duk hajar da ɗanyen kayanta kyauta ne, kuma babu shingen da zai hana wani shiga, farashinta zai yi ta sauka har ya tsaya a kan kuɗin takarda da tawada. Haka abin ya kasance. Dubban masu sayarwa suna tallan zane iri ɗaya daga littafi ɗaya. Wasu ma sun daina bugawa, suna sayar da hoton ne ta intanet a kan 'yan daloli, mai saye ya je ya buga da kansa. Kamfanin Etsy yana karɓar santi 20 a kan kowace haja da aka baje, da kashi 6.5 cikin ɗari na kowane ciniki, ban da kuɗin talla wanda in ba a biya ba hajar takan nutse a cikin dubban irinta. A 'yan shekarun nan kuma an samu ƙarin masu amfani da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta suna haɗa zanen da ya yi kama da na da, mai launin tsohuwar takarda, alhali tsiron da ke ciki babu shi a duniya: ganyen wannan, furen wancan, da sunan Latin na ƙarya.

Mabugin Shomolu a Legas ko na Kaduna da zai shiga wannan gasa da hoton ciyawar Jamus ya kai kaya kasuwar da ta riga ta watse. Takardar da zai buga a kai daga waje ake shigo da ita, tun da masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe tun shekarun 1990, ba su kuma komo yadda aka tsara su ba. Tawada daga waje take. Naira, wadda ake canzawa a kan kimanin 460 ga Dala ɗaya a hukumance kafin a sake ta a watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a cikin 2024. Ga man janareta, ga kuɗin aika kaya zuwa ƙetare wanda sau da yawa yakan fi kuɗin hoton. Abokin gasarsa na Poland ko Amurka yana kusa da mai saye, wutarsa ba ta ɗaukewa. Babu lissafin da zai sa a ci riba a haka.

Riba a irin wannan kasuwa tana hannun wanda yake da abin da sauran ba su da shi. Abin da ɗan kasuwar Nijeriya yake da shi kuwa shi ne tsirran ƙasarsa, da sunayensu, da mutanen da suka san su.

Mutane da yawa ba su san cewa tsirran ƙasar nan suna cikin waɗancan tsofaffin littattafai ba. A 1786 wani masani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, ya sauka a yankin Warri da Benin, ya tattara tsirrai har ciwo ya kore shi. Littafin da ya fitar a Paris, Flore d'Oware et de Bénin, yana da zane 120, kuma an kammala buga shi ne a 1821, bayan rasuwarsa. A cikinsa ne aka yi wa wani nau'in goro bayanin kimiyya. Mungo Park ya sa zanen ganye da ɗan kaɗanya a littafin tafiyarsa na 1799, kuma sunan da masana suka ba ɗorawa, Parkia, daga sunansa aka ciro shi. A 1849 aka buga Niger Flora a Landan, daga tsirran da Theodor Vogel ya tattara a tafiyar Kwara ta 1841, wadda a cikinta ya rasa ransa. Littafin Köhler da aka ambata yana da tsamiya da riɗi da citta da zurma da ɗakwarar da ake samun ƙaro a jikinta. Littafin tsirran Filifin na Blanco, bugun da aka ƙawata da launi a wajejen 1880, yana da zogale da lalle. Duk waɗannan suna nan a rumbun intanet, haƙƙinsu ya ƙare, kuma kusan babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya da sunayensu na Hausa ko Yarabanci ko Ibo a ƙasa.

Game da sunaye ma an rage wa mai nema aiki. Dakta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya biyo da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Ya rasu a 1948. Sai dai a yi hattara, domin ba duk abin da ya yi kama da tsoho ne ya fita daga haƙƙin mallaka ba. Bugu na biyu na Flora of West Tropical Africa, alal misali, tsakanin 1954 da 1972 aka yi shi, kuma wanda ya kwafi zanensa ya sayar ba da izini ba yana iya samun kansa gaban alƙali.

Akwai kuma wata dama da mai sayarwa na Turai ba ya tunaninta. A gidajen Musulmi da yawa ana guje wa rataye hoton mutum ko dabba, amma jumhurun malamai sun halatta zanen itatuwa da tsirrai. A babin ciniki na Sahihul Buhari ma akwai labarin wani mai sana'ar zane da ya kai kukansa ga Abdullahi ɗan Abbas, aka shawarce shi ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ya sa bangon falo a Kano ko Sakkwato ko Sabon Ibadan yake da ɗan zaɓi kaɗan: ayoyi a firam, hoton Ka'aba da Masallacin Madina, agogo, sai kalanda. Fure kuwa ba baƙo ba ne a ɗakin Bahaushiya. Yana jikin kwalla da tangaran ɗin jere, yana jikin zanen gado da labule. Abin da kawai ake yi shi ne, furen da ke jikin waɗannan kaya na Sin ne ko na Turai, ba wanda ya san sunansa.

Sai a komo kan darasin Curtis, domin shi ne babbar hujjar masu shakka. Za su ce, wa zai biya kuɗi ya rataye tafasa a falonsa? Ganye ne da ake tunawa da shi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakanin shuka da girbi. Tumfafiya alamar gonar da ta gaji ce. Ƙarangiya kuwa sai dai a tuna yadda take maƙale wa a wando. Mutumin da ya sha wahala ya baro ƙauye yana son falonsa ya nuna inda ya iso, kuma kujerun Turkiyya sun fi yi masa wannan aiki.

Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa bai kamata wani ya ci bashin banki saboda wannan sana'a ba. Amma ba ta rufe ƙofa ba. Fiye da rabin 'yan Nijeriya a birane suke zaune yanzu, kuma akwai waɗanda aka haifa a Abuja da Legas da Fatakwal da ba za su iya bambance rama da lalo a gona ba, alhali suna cin su a kwano. Zogale, wanda a da ake yi wa kallon abincin talaka, yanzu a cikin kwalba ake sayar da garinsa a manyan kantuna. Zoɓo ya zama hajar fitarwa, ana loda shi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko. Abin da ya samu daraja a kwano da kwantena ba zai daɗe bai samu a bango ba. Ga kuma 'yan ƙasar da ke zaune a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa, waɗanda hoton kuka ko ɗorawa yake nufin gida a wurinsu, su ne kuma masu biya da kuɗin waje.

Duk da haka, mai hikima zai fara ne da masu saye da yawa a lokaci ɗaya, kafin ya nemi magidanta. Otal mai ɗaki hamsin yana bukatar hoto hamsin ko ɗari, haka asibiti mai zaman kansa da gidan abinci da ofishin lauya. Bankuna da kamfanonin inshora suna kashe kuɗi kowane ƙarshen shekara wajen buga kalanda, kuma shafi goma sha biyu na tsirran ƙasa da sunayensu cikin harsuna uku ya fi hoton ginin hedikwata da aka saba gani. Masu sarrafa zoɓo da man kaɗe da garin kuka suna bukatar zane a jikin kwali da kwalba, musamman masu neman kasuwar waje, inda irin wannan tsohon salo yake sa mai saye ya ji cewa kayan na asali ne. A nan mai zanen yana sayar da izinin amfani ne, ba ya ɗaukar nauyin gilashi da firam.

Ta fuskar aiki kuwa, araha ba ta ado. Hoton da aka sauke daga intanet yana zuwa da tabo da inuwar ɗinkin littafi, sai an zauna an tsabtace shi. Idan bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba, da an faɗaɗa shi sai ya dushe. Tawadar ruwa ta ƙaramar na'urar ofis ba ta jure hasken ranar ƙasar nan, cikin 'yan watanni kore yakan koma shuɗi-shuɗi, saboda haka sai tawadar gari mai ɗorewa da takardar da ba ta rawaya. Ƙurar hunturu a Arewa da raɓar damina a Kudu kowacce tana bukatar firam mai gilashi da aka like bayansa da kyau. Kafintocin da za su iya wannan suna nan a kowane gari. Ba a dai saba neman su da irin wannan aiki ba ne.

Gibin da ya rage shi ne, tsofaffin littattafan sun fi mayar da hankali ga itatuwan da Turawa ke son cinikinsu. Ƙananan ciyayi da yawa kuwa, ko dai zanensu baƙi da fari ne, ko an zana danginsu na Indiya. Waɗannan sai an zana su sabo, kuma a nan ne jarin gaske zai shiga, domin sabon zane yana da haƙƙin mallaka, ba mai kwafarsa sai da izini. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Nsukka, da Kwalejin Fasaha ta Yaba, suna yaye matasa kowace shekara waɗanda da yawansu ke ƙarewa a rubuta allon shago. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan tana da samfura sama da 100,000 da mai zane zai iya dubawa ya tabbatar da siffa. Ɗan kasuwar da ya haɗa mai zane ɗaya da masanin tsirrai ɗaya, ya biya su kan zane ashirin da huɗu, ya kuma rubuta yarjejeniyar wanda ya mallaki haƙƙin, ya samu kadarar da zai yi ta sayarwa shekara da shekaru. Rubuta yarjejeniyar nan shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ke raba abokan ciniki idan kuɗi ya fara shigowa.

Ba a bukatar gwamnati ta kafa kwamiti ko hukuma kan wannan. Abin da ya rataya a wuyanta ƙarami ne: ta ba ma'ajiyar Ibadan da na jami'o'i kuɗin ɗaukar hoton abin da suke da shi, a sa inda jama'a za su gani. Dogaro da rumbun wasu ma yana da nasa haɗari, domin a 2025 cibiyar Smithsonian ta Amurka, wadda ta daɗe tana riƙe da ragamar gudanar da rumbun da aka ambata, ta sanar cewa za ta sauke wannan nauyi, lamarin da ya tilasta wa masu rumbun neman sabon masauki. Mai niyyar wannan sana'a ya sauke shafukan da yake bukata ya adana tun yanzu.

Sunayen da ke cikin ƙamus ɗin Dalziel an rubuta su ne da tsohuwar ƙa'ida, kafin a daidaita rubutun Hausa, kuma suna ɗaya yana iya nufin wani tsiro a Katsina, wani dabam a Bauci. Kafin a buga kwafi 500, ya kamata a ɗauki gwajin farko a kai wa mai sayar da magungunan gargajiya a Kasuwar Kurmi, ko wata tsohuwa mai sayar da ganye, a rufe sunan da hannu a tambaye ta ko mene ne wannan. In ta faɗi sunan da aka rubuta, sai a ba mabugi izini ya kunna inji.